'Yan Midiya: Sabuwar Sana'a a Majami'un Kagoro da Kafanchan

A da mai buga ƙararrawa ne yake fara isa majami'a ranar Lahadi. Yanzu a Kagoro da Kafanchan da ƙauyukan da ke kewaye da su, sau da yawa akwai wanda yake riga shi: wani saurayi ko wata budurwa da jaka a baya. A cikin jakar akwai waya ɗaya ko biyu, da batirin ajiye caji, da igiyoyin sauti a nannaɗe, da sandar nan mai ƙafa uku da ake kafa waya a kanta. Tun mawaƙa ba su iso ba zai zagaya ɗakin sujada yana ɗaga waya sama, yana neman kusurwar da sabis ya fi ƙarfi. Ya gwada wannan layi, ya gwada wancan. Ya leƙa tankin janareta. Ya ɗauki makirfo ɗaya bayan ɗaya yana ƙwanƙwasawa, mai ƙara ya ware shi gefe. Su ne ake kira 'yan midiya, kuma aikinsu shi ne kai abin da ake yi a cikin majami'a ga wanda bai samu zuwa ba: tsohuwar da ciwon ƙafa ya zaunar, sojan da ke bakin daga a Borno, ɗalibar da ke karatu a Zariya, ma'aikaciyar jinya a Ingila wadda ta daɗe rabonta da jin waƙa da harshen Gworok.

Har yanzu dattawa da yawa ba su ɗauki abin a matsayin sana'a ba. A wurinsu yara ne masu son taɓa waya aka samar wa abin yi. Ni kuwa ina ganin sana'a ce cikakkiya. Tana da kayan aikinta, ana koyonta a hannun wanda ya riga ka, tana da sirrin da sai wanda ya daɗe a ciki ya sani, kuma a ƙasa irin Kudancin Kaduna tana da haɗarin da ya kai ga rai.

Ba daga sama abin ya faɗo wa Kagoro ba. Garin, wanda ke gindin duwatsu a Ƙaramar Hukumar Kaura, ya daɗe cikin wuraren da ake shirya saƙon bishara a aika da shi nesa. Mishan ɗin SIM ya kafa tasha a nan a ƙarshen shekarun 1920, a 1931 kuma aka buɗe makarantar Littafi Mai Tsarki wadda ta zama babbar makarantar tauhidi ta ECWA a yau. A 1932 cikakken Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa, kuma da Hausar aka horar da masu bishara daga cikin Agworok da Atyap da Bajju da Ham, aka watsa su ƙauyuka na kusa da na nesa. A Kagoro aka yi ɗaya daga cikin tarukan 1954 da suka haifar da ikilisiyar ECWA. Daga makarantar nan ne kuma wani malamin SIM, Gerald Swank, ya fito da tunanin Sabon Rai Don Kowa a farkon shekarun 1960, shirin da ya tsaya a kan cewa shelar bishara aikin kowane mai bi ne, ba na fasto kaɗai ba. Marigayi Malam Gwamna Awan, wanda ya sarauci Kagoro daga 1945 zuwa 2008, shi kansa a hannun mishan ya yi karatu.

Kowane zamani da abin da ya ɗauki saƙon. An yi zamanin takarda, lokacin da Labarin Ekklesiya da littafin waƙoƙi suke yawo a jakar mai bishara bisa keke. An yi zamanin rediyo: tashar ELWA ta fara watsa shirye-shirye daga Monrobiya ta ƙasar Laberiya a 1954, Muryar Bishara kuma tana haɗa nata na Hausa a Jos ana watsa su daga Addis Ababa, har gwamnatin soja ta Habasha ta ƙwace tashar a 1977. An yi zamanin kaset, an yi na majigi, da ake kafa farin ƙyalle a filin makaranta a nuna fim ɗin Yesu da Hausa. Duk waɗancan sai sun bi ta hannun edita ko shugaban tasha ko kwamiti kafin su fita. Na yau kuwa yaro ɗan shekara 19 ne zai danna waya, nan take duniya ta gani.

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, daga baya Facebook da WhatsApp suka biyo, matasan ikilisiya suna ɗora hoton taro da sanarwa jefi-jefi. Abin da ya mayar da aikin dole shi ne annobar korona. A ƙarshen Maris na 2020 gwamnatin Jihar Kaduna ta kafa dokar hana fita ba dare ba rana, aka rufe masallatai da majami'u, aka yi bikin Ista a gida, ba a sake buɗe wuraren ibada ba sai a watan Yuni. Fastoci da fadocin da ba su taɓa tsayawa gaban kyamara ba suka koma yi wa kujeru wa'azi, wasu kuma suka riƙa naɗar murya a waya suna turawa zaurukan WhatsApp. Mutanen Kaura da Jema'a da Zangon Kataf dama sun san zaman kulle tun kafin korona, sun kuma sake saninsa bayanta, domin hari mai muni sau da yawa dokar hana fita ce ke biyo bayansa. Shi ya sa ko da annobar ta wuce, ba a sauke wayar daga kan sandarta ba.

Wanda bai sani ba zai ɗauka hoto ne ginshiƙin sana'ar. Wanda ya daɗe a cikinta zai gaya maka sauti ne. Mai kallo yakan haƙura da hoto mai dishi-dishi, amma in ba ya jin abin da ake faɗa, minti ɗaya ya isa ya rufe ya kama gabansa. Majami'un yankin nan kuwa ba don naɗar sauti aka gina su ba: rufin kwano, bangon siminti, tagogi a buɗe, murya na dukan bango tana dawowa. Kagoro kuma ƙasar ruwa ce. In sama ta sako a kan kwano ana tsakar wa'azi, na cikin ɗaki ma da ƙyar yake ji, balle wayar da aka kafa can baya. Don haka abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne kada ya dogara da kunnen wayar. Sai ya ja igiya daga na'urar haɗa sauti, wadda suke kira miksa, ya shigar da ita cikin wayar, ta yadda abin da ya bi ta makirfo ne kaɗai zai fita. Nan ma da sauran aiki. In ƙarfin sautin ya yi yawa sai ya fashe, magana ta dagule. In igiyar ta bi kusa da wayar wuta, ko janareta ba shi da lafiya, sai wani gurnani ya kwanta a ƙarƙashin muryar ya ƙi fita. Sannan ma'aunin da ya dace da mai wa'azi shi kaɗai bai dace da Zumuntar Mata ba. In mata arba'in suka miƙe da tulun kiɗa da caki da ganga da guɗa, dole yatsun mai miksa su kasance a kan na'ura, yana rage kiɗa yana ɗaga muryar mai ba da waƙa. In ba haka ba, na nesa ba zai tsinci kalma ko ɗaya ba, alhali a waƙar Zumuntar Mata kalmomin su ne wa'azin.

Manyan majami'un Kafanchan wasu suna da kyamara fiye da ɗaya da kwamfuta mai manhajar OBS ko vMix, da ake sauya hoto daga bagade zuwa mawaƙa, a rubuto aya a ƙasan allo da zarar mai wa'azi ya ambace ta. Yawancin na ƙauye waya ɗaya ce tak, sau da yawa ma ta yaron ce da kansa. Amma ladabin aikin ɗaya ne ko'ina. Mai kyamara na kirki ba ya bin mai kuka a addu'a da idon na'urarsa. Ba ya nuna hannun mutum a kwanon baiko. Ba ya daɗewa a kan fuskar yaran mutane. Lokacin Jibin Ubangiji, ko tsakiyar Mas a cocin Katolika, ba ya ratsa gaban bagade don neman hoto mai kyau. In ya iya aikinsa, sai a tashi sujada ba wanda ya lura yana nan.

Wuta da data su ne ciwon kan kullum. Tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu, 2023, kunna janareta awa uku ya zama maganar da sai ma'ajin ikilisiya ya sa baki, majami'un da suka samu hali kuma suka koma sola. A farkon 2025 hukumar NCC ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100. Da damina ana fargabar tsawa, wadda kan ƙone miksa da amfilifaya a dare ɗaya in an manta ba a zare igiyoyi ba. Da hunturu ƙura ce ke shiga kowane rami na na'ura.

Abin da ya fi burge ni a sana'ar nan ba ranar Lahadi da safe ake yinsa ba, sai bayan an watse. Watsa sujada kai tsaye 'yan birni da mazauna waje yake yi wa amfani. Manomin da ke bayan dutse ba shi da sabis ɗin da zai ɗauki bidiyo, ba shi kuma da kuɗin datar da zai ƙona a kansa. Saboda shi ne ɗan midiya zai zauna da yamma ya saurari wa'azin daga farko, ya yanke sanarwa da dogon shiru da inda makirfo ya ɗauke, ya cire hoton ya bar murya kaɗai, ya matse ta har ta zama ƙaramin abin da waya mai araha za ta iya saukewa. Daga nan sai ya rarraba: zauren dattawa, na Zumuntar Mata, na matasa, na mawaƙa, na 'yan gari mazauna Abuja da Legas. Wanda ya sauke a Kafanchan zai tura wa ɗan'uwansa ta Xender ko Bluetooth ba tare da an kashe ko kwabo ba. Mai shagon cajin waya zai zuba wa wata tsohuwa a katin memori, ta sa a ƙaramar rediyonta, ta saurara a gonar citta ko a bakin murhu. Ta haka wa'azin da mutum ɗari biyu suka ji a ɗaki yake isa inda faston bai taɓa takawa ba. Saƙon murya kuma ya buɗe ƙofa ga wanda bai iya karatu ba. Uwar da ba ta taɓa rubuta saƙo ba yanzu takan danna ta yi gaisuwa, ta roƙi addu'a, ta yi ta'aziyya da harshenta.

Zaurukan nan sun wuce wurin wa'azi. A nan ake sanar da haihuwa da rasuwa, a nan ake neman mai ba da jini in an kwantar da wani a babban asibitin Kafanchan, a nan ake tara masara da tufafi ga waɗanda aka kora daga gidajensu. Lokacin ƙarancin takardar kuɗi a farkon 2023, lambar asusun ikilisiya da ɗan midiya ya rubuta a allo ita ce ta maye gurbin kwanon baiko a wurare da dama.

To ina abincin mai sana'ar yake? A cikin majami'a, kusan babu. Hidima ce ake yi don Allah, kuma sau da yawa da datarsa da wayarsa yake yi. In ta faɗo daga kan sanda ta fashe, sai dai a ce masa sannu. Kuɗin YouTube da ake ta labari yana da sharaɗi: kafin a fara raba maka kuɗin talla sai tasharka ta tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin shekara, abin da ƙaramar ikilisiya ba ta cika kaiwa ba. Inda ake samu shi ne wajen biki da makoki. Jana'iza a Kudancin Kaduna babban taro ne. Akan ajiye gawa kwanaki ko makonni har 'ya'ya su hallara, a yi daren waƙoƙi, a yi sujadar binnewa, kuma kusan kowane gida yana da wanda ke nesa da ba zai samu zuwa ba. Ɗan midiya ne zai tsara hoton sanarwa, ya buga ɗan littafin tsarin jana'iza, ya watsa taron kai tsaye, ya haɗa bidiyon da iyali za su ajiye. Haka ɗaurin aure, haka bikin godiya, haka taron gunduma na mata ko na matasa. Watan Disamba shi ne kakarsu, daga bukukuwan Kirsimeti har zuwa bikin Afan da ake yi ranar 1 ga Janairu kowace shekara, lokacin da 'yan Kagoro na ko'ina suke dawowa gida. Majami'a ce makarantar, kasuwa kuma a waje take, kuma ban ga laifin hakan ba.

Koyon kuwa a hannu ake yinsa. Ƙarami ya fara da naɗe igiya da ɗaukar sanda, a hankali a bar shi ya zauna gaban miksa ranar gwajin mawaƙa, sai an ga hankalinsa kafin a ba shi ranar Lahadi. Wasu sun fito daga shagunan ɗaukar hoto na Kafanchan, wasu ɗalibai ne na Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya ko reshen Jami'ar Jihar Kaduna da ke Kafanchan. Yankin yana da wani tushe da ba a cika tunawa da shi ba: Gidauniyar Fantsuam, wadda aka kafa a 1996, ta daɗe tana koya wa matasa da mata kwamfuta a unguwar Bayan Loco, ta kuma kafa Zittnet don raba intanet a karkara tun abin bai zama ruwan dare ba. Matsalar ita ce wanda ya ƙware ba ya zama. Abuja na kiransa, Jos na kiransa. Kuma sau da yawa da asusunsa na kansa ya buɗe shafin ikilisiya, saboda haka in ya tafi, ko aka saɓa da shi, shafin da mabiyansa da hotunan shekaru sun tafi tare da shi. Ga kuma 'yan damfara, waɗanda kan kira wani ɗan zaure su ce ana shirin taron addu'a ta intanet, ya karanto musu lambar da aka turo masa. Yana karantawa sun ƙwace WhatsApp ɗinsa, sun shiga roƙon kuɗi da sunansa ko da sunan Baba Fasto. Ɗan midiya na gari yakan bi dattawa ɗaya bayan ɗaya ya sa musu mabuɗi na biyu a waya, ya kuma nanata musu cewa ba a karanta wa kowa lamba.

Mai karatu Musulmi zai gane wannan aiki sarai, domin shi ne dai abin da matasa suke yi wa malamai lokacin tafsirin azumi a Kano da Zariya da cikin garin Kafanchan ɗin kanta. Igiya ɗaya ce, miksa ɗaya ce, matsalar sabis ɗaya ce.

Akwai wani matsi da waya ta kawo wa faston ƙauye wanda magabatansa ba su sani ba. Ɗan ikilisiyarsa da asuba ya riga ya bi addu'ar Fasto Jerry Eze a YouTube, wadda ta fara a 2020 ta kuma tara dubban masu kallo kowace safiya. A wayarsa akwai wa'azozin Apostle Joshua Selman, wanda taronsa na Koinonia ya tashi daga Zariya ya bazu ta hanyar muryoyin da ake rabawa kyauta. A Kafanchan ma akwai hidimar Throneroom ta Apostle Emmanuel Kure, wadda sunanta ya wuce iyakar jiha. Sai matasa su fara auna fastonsu da waɗannan, wasu kuma su matsa a sayi fitilu masu launi da allon bango don a yi kama da su. A ganina wannan tsere ne da ƙaramar ikilisiya ba za ta ci ba, bai kuma kamata ta shiga ba. Abin da take da shi babu shi a wurin manyan: harshen gida, da faston da ya san sunan marar lafiya da hanyar gidansa. Ɗan midiyan da ya gane haka ba ya ɓata ƙarfinsa wajen kwaikwayo. Haka nan yakan yi hattara wajen yanko minti ɗaya daga wa'azin minti arba'in don ɗorawa a shafi. Wurin da fasto ya ɗaga murya, ko ya taɓo gwamnati, ko ya ambaci wani addini, shi ne zai fi yawo, kuma shi ne ya fi saurin juya maganar ta koma abin da mai ita bai nufa ba. Mai yankan yana da iko a kan bakin wani, ko ya sani ko bai sani ba.

Nan ne maganar ta kai inda ta fi nauyi. A ranar 20 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka afka wa Agban da wasu unguwannin masarautar Kagoro. Gwamnatin jiha ta tabbatar da mutuwar mutum 34, har da sojoji 2, aka ƙone gidaje masu yawa. Kafin nan an yi na Madamai a Satumban 2021, bayansa aka yi na Malagum a Disamban 2022, duk a cikin Kaura. A irin wannan dare zauren ikilisiya ne yake fara ɗauka. Ta nan ake cewa a gudu ta ina, wa aka gani, wa ba a gani ba. Da gari ya waye, wanda ya saba riƙe kyamara a sujada shi ne ake kira ya ɗauki hoton abin da ya faru, kuma shi ne zai watsa jana'izar da ake jera akwatuna. Ba don wayoyin nan ba, da yawa daga cikin hare-haren ƙauyuka da sun wuce ba wanda ya ji, kuma mutanen da aka kashe wa 'ya'ya suna da haƙƙin duniya ta san abin da ya same su. Ma'aikatan ikilisiya su ma ba su tsira ba. Fada John Mark Cheitnum, wanda aka sace a Yadin Garu cikin Yulin 2022 aka kuma kashe shi, shi ne daraktan sadarwa na Dayosis ɗin Katolika na Kafanchan.

Amma wayar da ke ba da shaida ita ce kuma ke iya hura wuta. Yankin da ya ga rikicin Kafanchan na 1987 da na bayan zaɓen 2011, inda Kirista da Musulmi duka suka binne nasu, ya san abin da jita-jita ke haifarwa. A 2018 binciken BBC ya nuna yadda hotunan gawarwaki da aka ɗauko daga wasu ƙasashe, aka ce a Filato ne, suka yi yawo a Facebook lokacin rikicin watan Yuni na shekarar, 'yan sandan jihar kuma suka ce sun ƙara rura wutar. Filato kuwa iyaka ɗaya take da Kaura. A 2017 Audu Maikori, lauya kuma mai kamfanin waƙa na Chocolate City, ɗan Kudancin Kaduna, ya wallafa cewa an kashe ɗaliban Kwalejin Gidan Waya. Kwalejin ta musanta, shi kuma ya janye ya nemi gafara, ya ce direbansa ne ya ba shi labarin ƙarya, duk da haka aka kama shi. In mai ilimi irinsa zai faɗa wannan rami, ina ga yaron da ke riƙe da shafin ikilisiya da tsakar dare, zuciyarsa na tafasa, an turo masa hoto an ce ƙauyen kakarsa ne? Abin da ya ɗora ba za a ce wane ya faɗa ba, za a ce coci ta faɗa. Magana zarar bunu ce. Ga kuma dokar laifukan intanet ta 2015, wadda an riga an gurfanar da mutane a ƙarƙashinta kan rubutun da ya shafi yankin nan.

Waɗanda suka ƙware sun koyi wasu ɗabi'u da babu littafin da ya koya musu. Kafin su tura hoto sai sun san wanda ya ɗauka, a ina, kuma yaushe. In ba su samu amsa ba, su kira faston ƙauyen ko katikis su ji daga bakinsa. Ba sa ɗora fuskar gawa, domin uwa ba ta cancanci ta fara ganin ɗanta a haka a wayar maƙwabciya ba. Cikakken abin da suka ɗauka su miƙa wa shugabanni da lauyoyi, su ajiye kwafi. Daren tashin hankali sukan rufe zaure ya zama masu kula da shi kaɗai ke iya rubutu, har ƙura ta lafa. Sun kuma gane cewa masu satar mutane su ma suna da waya. Don haka ba a sanar da tafiyar fasto ko fada sai ya je ya dawo, ba a karanto sunan wanda ya ba da gudunmawa mai tsoka da adadinta a gaban kyamara, ba a nuna ƙofofi da katangar gidan mishan. Wannan hankali ya fi kowace kyamara tsada, kuma ba daidai ba ne a bar yaro ya tsince shi ta hanyar kuskuren da zai iya cin rai.

Sai maganar ajiya, wadda kusan ba mai yinta. Tun Fabrairun 2025 Facebook yake goge bidiyon da aka watsa kai tsaye bayan kwana 30. Majami'un da suka ɗauka shafinsu shi ne rumbunsu suna asara kowane mako. Alhali akwai abin da ya cancanci ajiya fiye da sujadar kowace Lahadi: waƙoƙin da tsofaffin matan Zumunta suka tsara da Gworok da Tyap da Jju waɗanda ba a taɓa rubutawa ba, da labarin tsofaffin masu bishara da suka taka ƙasar nan da ƙafa. Matasan yankin sun nuna abin da za su iya da suka tsayar da Wikipedia ta harshen Tyap a 2022. Masu waƙoƙin nan kuwa kowace shekara ana binne wasu.

Kirana ga dattawan ikilisiya da shugabannin gunduma da na dayosis shi ne su sa wannan aiki a cikin kasafin shekara kamar yadda ake sa man janareta. A saya wa ikilisiya wayarta da layinta da ma'ajiyar bidiyo, a buɗe shafi da sunanta, mabuɗinsa na hannun mutum uku. A biya kuɗin data, a kuma ba mai aikin wani abu ko yaya yake. A naɗa dattijo ko dattijuwa ɗaya mai sanyin zuciya da za a riƙa nuna wa duk abin da ya shafi rikici kafin ya fita. Makarantar tauhidi ta Kagoro da takwarorinta kuma su tabbata duk faston da suka yaye ya san yadda ake tantance hoto, ya kuma iya zama da 'yan midiyansa su tsara abin da za a ɗora da abin da za a bari. Ku kuma iyayen da 'ya'yanku ke wannan hidima, ku bar su su koya da kyau, sana'a ce da za ta ci da su.